Daren da muka koyi kallo da kunne

Mu tagwaye ne, muna aji biyar na sakandare a Jos. Tun muna ƙanana komai tare muke yi, har a gida an daina tambayar wace ce ta fasa kofi, sai dai a ce “’yan biyu sun fasa kofi.” Wannan rubutun ma tare muka yi shi, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa, in hannu ya gaji mu yi musanya. Labarin yayanmu ne, da wani wasan kwaikwayo na Turawan Ingila, da kuma wani kuskure da muka daɗe muna yi muna zaton alheri ne. Sai da muka nemi izinin Yaya kafin mu ɗauki biro. Ya ce mu rubuta, amma kada mu kuskura mu mayar da shi abin tausayi. To, za mu yi ƙoƙari.

Yaya ya girme mu da shekara huɗu. Shi ya fara nuna mana shirin talabijin ɗin nan da ake kira Doctor Who, a wasu faya-fayai da Kawu, ƙanin Umma, ya zo da su daga Ingila inda ya yi karatu. Ga wanda bai san shirin ba, labari ne na wani matafiyi da kowa ke ce wa Dakta, ba a san sunansa na yanka ba. Siffarsa ta mutane ce, amma daga wata duniya yake mai suna Gallifrey, kuma zuciya biyu gare shi. Abin hawansa wani shuɗin akwati ne mai suna TARDIS, mai kama da rumfar wayar da ’yan sandan Ingila suke amfani da ita a da. Daga waje bai fi shagon mai cajin waya ba, amma in ka shiga ciki ya fi gidan sarki faɗi. Da shi Dakta yake zuwa duk inda ya ga dama, a kuma duk zamanin da ya ga dama, ko jiya ko shekara dubu mai zuwa.

BBC ce ta fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan an kashe shugaban Amurka John F. Kennedy. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dakta. A 1966 rashin lafiya ta hana shi ci gaba, sai masu shirin suka yi dabara. Suka ce ai jinsin su Dakta in jiki ya gaji sabuntawa yake yi, ya tashi da wata fuska da wani hali. Patrick Troughton ya karɓa, aka ci gaba. Wannan dabara ce ta sa shirin ya yi tsawon rai, don ko tauraro ya tafi labari bai tafi ba. Yaya ya haddace su a jere kamar karatun allo: Hartnell, Troughton, Jon Pertwee, Tom Baker, Peter Davison, Colin Baker, Sylvester McCoy, har ya gangaro kan Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, wanda ya karɓa a 2023.

Amma abin da ya fi sa Yaya ɗaga kafaɗa shi ne labarin garinmu. A shekarun 1960 da 1970 BBC takan goge tsofaffin shirye-shiryenta don ta sake amfani da kaset ɗin, ta haka kashi da yawa na farkon Doctor Who suka salwanta. Sai dai kafin nan an sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje kwafi, har da Najeriya. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara da aka fid da rai da su a ma’ajiyar wata tashar talabijin a nan Jos, na zamanin Troughton. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai Yaya ya ba shi wannan labari. “Duk Ingila an nema an rasa,” in ji shi, “a garinmu ƙura ta rufe su suna jira.”

Ciwon idon Yaya da dundumi ya fara. Da an yi magariba sai ya riƙa yin tuntuɓe da buta a tsakar gida, mu kuwa mu yi ta dariya muna cewa Yaya ya cika tafiya da tunani. Daga baya gefe da gefen ganinsa ya fara rufewa, ya ce ji yake kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake yi. Da Baba ya kai shi asibiti, likita ya ce ciwo ne na can cikin ido, a wurin da ke karɓar haske, gadonsa ake yi, kuma tabarau ba ya maganinsa. Da ƙyar ya gama sakandare. Abokansa suka tafi jami’a, shi ya zauna a gida.

A nan muka fara namu kuskuren. A gidanmu daren Asabar daren Doctor Who ne. Da muka ga Yaya ba ya iya bin hoton sosai, sai muka ɗaura ɗamarar zama idonsa. Mu sa shi a tsakiya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, mu yi ta zuba: “Yaya, ga shi ya buɗe ƙofa.” “Yaya, dodon yana bayanta!” “Yaya, yanzu fa kuka take yi.” Sau da yawa tare muke magana, muryarmu ta danne ta ’yan wasan. Ba mu taɓa tambayarsa ko yana so ba. Har a makaranta mukan ba ƙawayenmu labarin irin hidimar da muke yi wa yayanmu, su ce Allah Ya ba mu lada, mu ji daɗi.

Wata Asabar muka kai kan wasu kashi na 2017, inda Dakta, wanda Peter Capaldi ya fito a matsayinsa, ya makance garin ceton abokiyar tafiyarsa. Muka riƙa satar kallon juna, muna ganin wannan zai ƙarfafa wa Yaya gwiwa. Ba a yi nisa ba, a kashi na uku, idon Dakta ya buɗe. Muka yi tsalle muna ihu: “Yaya, ya warke! Yana gani!” Yaya bai motsa ba. Can ya ce, “Shi nasa na mako uku ne.” Ya miƙe, ya lalubi bango. Da ya kai bakin ƙofa ya tsaya ya ce, “’Yan biyu, don Allah ku daina ba ni labarin abin da kuke gani. Ni ba kallo nake yi ba. Zama nake yi ina jin ku kuna kallo.”

Daga ranar bai sake zama a falo da daddare ba. Ya daina fita majalisar ƙofar gida inda yake hira da samarin layinmu. Masallaci ma sai Baba ya matsa. Abinci a ɗaki ake kai masa, wani lokaci a dawo da kwanon yadda aka kai shi. Mu ma muka daina kunna shirin, don ko mun kunna ba ya mana daɗi. Umma ba ta yi mana faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Haka muka yi kusan wata huɗu.

Ana cikin haka Kawu ya zo hutun ƙarshen shekara, Umma ta zayyana masa komai. Bayan la’asar ya shiga ɗakin Yaya, mu kuma muka laɓe a bakin taga, halin da har yau ba mu daina ba. Muka ji Kawu yana tambayarsa, “Ka san shirin nan ya taɓa yin shekara 16 ba a yin sa a talabijin?” Yaya ya ce ya sani, BBC ta dakatar da shi a 1989, bai dawo ba sai 2005, in ban da fim ɗaya da aka yi a 1996. Kawu ya ce, “To, a tsakanin nan me kake tsammani masoyansa suka yi? Zama suka yi suna zaman makoki?”

Abin da Kawu ya gaya masa, wanda daga baya mu ma muka bi diddiginsa, shi ne wannan. Tun a shekarun 1980 akwai wasu matasa a Ingila da suke shirya nasu wasannin Doctor Who na murya zalla a kaset, don sha’awa kawai, suna rarrabawa a tsakaninsu. Cikinsu akwai Nicholas Briggs da Gary Russell. Da suka girma sai suka haɗu da Jason Haigh-Ellery a wani ƙaramin kamfani mai suna Big Finish, suka nemi izinin BBC, aka ba su lasisi a 1999. A shekarar suka fitar da wasansu na farko na Doctor Who, The Sirens of Time, a faifai, kuma ba kwaikwayon muryar kowa aka yi ba: Peter Davison da Colin Baker da Sylvester McCoy da kansu suka dawo suka tsaya gaban makirufo. Daga nan aka riƙa fitar da sabon labari kusan kowane wata. Wannan jeri kaɗai sai da ya kai 275 kafin a rufe shi a 2021, kuma har yanzu kamfanin yana fitar da wasu.

Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, “Kawu, wato na makafi ne ka kawo mini.” Kawu ya yi dariya ya ce, “Masu ido ne suka yi wa kansu, yaro. Su ne aka ƙwace wa abin kallo.” Ya karɓi wayar Yaya ya zuba masa waɗanda ya saya, ya fita bai ƙara cewa komai ba.

Kwana uku ba mu ga alamar komai ba. A dare na huɗu aka ɗauke wuta. Duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san ba a zaman tsakar gida, don haka muka ƙudundune a bargo tun bayan isha’i. Sai muka jiyo wani sauti daga ɗakin Yaya, sautin da ko cikin barci muka ji za mu gane: kukan TARDIS in za ta sauka, kamar numfashin wata ƙatuwar dabba mai asma. Muka tashi da bargonmu, muka yi sallama a bakin ƙofarsa. Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, “In za ku shigo ku shigo, amma ba a magana.”

Ɗakin baƙi ƙirin, ko tafin hannunmu ba ma gani, don ya kife wayar a kan katifa. Muka lalubi gefen gado muka zauna. Ya mayar da wasan farko saboda mu. Sunansa The Chimes of Midnight, wato bugun agogon sha biyun dare, Robert Shearman ne ya rubuta shi, ya fito a 2002. Paul McGann ne Dakta, India Fisher kuma ta fito a matsayin Charley, abokiyar tafiyarsa. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne su ma cikin duhu suka sauka. Dakta da Charley ba sa ganin komai, lalube suke yi, har wata kwalba ta faɗi ta fashe. Ashe a ɓangaren barori suke na wani gidan attajirai a Ingila, a daren jajibirin Kirsimeti na 1906. Duk sa’ad da agogo ya buga awa sai a tsinci gawar ɗaya daga cikin barorin, in sha biyu ta buga kuma sai komai ya koma farko.

Wannan bayani da muka yi muku yanzu, a daren ba mu fahimci ko rabinsa ba. Minti goma ba a yi ba muka ɓace. Turancin da sauri yake fita, kowane bara da irin nasa lafazin, babu fuskar da za mu kalla, babu rubutu a ƙasan allo da za mu karanta. A makaranta ana yaba mana da Turanci, amma ranar muka gane rabin Turancinmu a ido yake. Muka daure, muka daure, har dai ɗayarmu ta kasa ta ce a hankali, “Yaya, wa ya yi magana yanzu?”

Ya tsayar da wasan. “Mai dafa abinci ce. Wadda ta yi magana kafin ita yarinyar wanke-wanke ce, ba ku ji muryarta daga nesa take fitowa ba? Tana wani ɗaki, ƙofa a buɗe.” Ya kunna. Can muka sake tambaya, ya sake tsayarwa. “Sun bar kicin. Ku ji yadda takunsu ya canza, kuma murya ta daina amsa-kuwwa. Ɗakin nan ƙarami ne.” Da aka jima ya ce, “Ku bar bin maganar kaɗai. Ku sa kunne a agogon da ke bayansu.” Muka sa kunne. Ashe tun ɗazu agogon yana nan yana ƙas-ƙas, shi ke gaya wa mai sauraro cewa lokacin wani ya kusa. Da ya buga, sai da muka ƙanƙame juna.

Muna jin Yaya yana dariya ƙasa-ƙasa cikin duhu, dariyar da muka yi wata huɗu ba mu ji ba. Ya ce, “Yanzu kun ji yadda abin yake?” Muka ce mun ji. Sai bayan mun koma ɗakinmu muka lura da wani abu. Duk tsawon daren Yaya bai taɓa yin magana a kan muryar ’yan wasa ba. Sai mun tambaya yake tsayarwa, ya faɗi iya abin da muka tambaya, ya mayar da mu cikin labarin. Bai gaya mana abin da zai faru ba, bai gaya mana inda za mu ji tsoro ba. Kunya ta kama mu, don mun tuna yadda mu muke yi masa.

Tun daga ranar daren Asabar ya koma ɗakin Yaya. A nan muka ji Storm Warning na 2001, inda Dakta ya fara haɗuwa da Charley a cikin R101, wani ƙaton jirgin sama na balan-balan da Birtaniya ta ƙera. Jirgin na gaske ne, ya faɗi a Faransa a watan Oktoba na 1930 a kan hanyarsa ta zuwa Indiya, mutum 48 cikin 54 suka mutu. Da a talabijin ne, gina irin wannan jirgi sai an kashe maƙudan kuɗi. A wasan murya kuwa ƙugin inji da kukan iska da ƙarar ƙarfe sun isa, sauran aikin kanmu ne ya yi. Abin dariya, da muka kwatanta jirgin da kowace ta gani a ranta, sai muka tarar ba iri ɗaya ba ne. Mu da ko mafarki mukan ce iri ɗaya muke yi.

Yaya ya shiga bincike da wayarsa mai karanta masa rubutu, kullum da sabon abin da zai gaya mana. Shi ya gaya mana cewa kukan TARDIS ɗin nan wani ma’aikacin BBC ne, Brian Hodgson, ya samar da shi ta hanyar goga makulli a kan wayoyin wata tsohuwar fiyano, sannan ya sarrafa sautin. Kiɗan buɗe shirin kuma Ron Grainer ne ya tsara, amma Delia Derbyshire ce ta haɗa shi a 1963, tana yanka zaren kaset guntu-guntu tana liƙawa, tun kafin a san kwamfutar kiɗa. Muryar Dalek, maƙiyan Dakta masu sulken ƙarfe, muryar mutum ce ake bi da ita ta cikin wata na’ura mai karkarwa da sauti. Nicholas Briggs ne yake yin ta a wasannin Big Finish, kuma da shirin ya dawo talabijin a 2005 shi aka kira ya ci gaba da yi. Har labari talabijin ta ara: kashin da ake kira Dalek na 2005, Shearman ya gina shi ne a kan wasansa na murya mai suna Jubilee.

Akwai wanda ya fi taɓa mu. Har yau akwai kashi fiye da 90 na shekarun 1960 da ba a gano hotonsu ba, amma babu ko ɗaya da sautinsa ya ɓata. Dalili kuwa, a lokacin akwai masoya, da yawansu yara ’yan makaranta kamarmu, da suke ajiye rikoda a gaban talabijin suna ɗaukar sautin don su sake ji. Abin da babbar ma’aikata ta goge, yara ne suka adana shi a ɗakunansu. Da Yaya ya gama ba mu wannan labari sai ya ce, “Kun gani, shirin nan ya saba rasa ido.” Wannan ne karo na farko da muka ji ya yi raha da abin da ya shafi ciwonsa.

Cikin Daktoci duka, Paul McGann ne nasa. A talabijin dare ɗaya kacal aka ba shi, a fim ɗin 1996, aka rufe maganar. Kowa ya ɗauka nasa ya ƙare tun bai fara ba. A wasan murya ya dawo a 2001, ya yi labarai masu ɗimbin yawa. A 2013, shekarar cikar shirin 50, aka sake kiransa wani ɗan gajeren fim, inda a ciki ya ambaci sunayen abokan tafiyarsa na wasan murya, Charley a farko. Haka Colin Baker, wanda aka sauke a 1986 bayan ɗan gajeren zama, kuma masu kallo da yawa ba su so nasa Daktan ba. A murya aka haɗa shi da Evelyn Smythe, wata dattijuwa malamar tarihi da Maggie Stables ta fito a matsayinta, mutane suka dawo suna yabonsa. Yaya bai taɓa gaya mana dalilin da ya sa yake son labarin waɗannan biyun ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Wata Asabar Baba ya leƙo ya tarar da mu uku a duhu mun yi tsit, ya tambaya ko lafiya. Da muka yi masa bayani ya ce, “Au, wannan ne sabon abin? Mu da muka tashi muna kewaye rediyo muna jin Samanja?” Umma daga tsakar gida ta ce ai ko rediyon ma bai kai kakarta ba, wadda in ta yi muryar Gizo da ta Ƙoƙi a duhu sai yaro ya kasa fita fitsari. Gaskiyarsu. Kunnen nan mun gaje shi, waya ce ta sa muka bar shi ya yi tsatsa.

Da zangon karatu ya kama, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta ce kowane aji ya kawo abin da zai nuna. Ba mu da kuɗin kayan wasa, ba mu da labule. Muka je wa Yaya da shawara, muna ɗar-ɗar. Ya ce zai yi, bisa sharaɗi ɗaya: shi ne darakta, kuma ba musu. Muka rubuta labarin wata yarinya da ta buɗe tsohon adudun kakarta ta tarar cikinsa ya fi wajensa girma, ta faɗa ciki ta ɓullo a marinar Kano ta zamanin da. Yaya ya sa muka sake rubutawa har sau uku. Duk inda muka sa wata ta ce “ga shi ina buɗe adudu,” sai ya ce mu goge. “Wa yake magana haka? Ku bari a ji murfin ya yi ƙara, ita kuma ta ja numfashi.” Muka ɗauki sautin da wayarsa, mu da ƙawayenmu biyu, a ƙarƙashin bargo don kada ɗaki ya yi amsa-kuwwa. Leda da aka murza ta zama wuta. Tsumma a bokitin ruwa ya zama rini. Taɓarya a kan tabarma ta zama bugu. Kukan adudun kuwa, tsohon ƙyauren bayan gidanmu ne da Baba ya shekara yana cewa zai sa masa mai.

Minti bakwai ne duka, amma ya ci mana Asabar uku. Ranar nunawa muka roƙi a rufe tagogi, kowa ya rufe ido. Wasu sun yi ta ƙyalƙyala dariya a inda ba na dariya ba, wasu samari a baya ba su rufe idon ba sam. Amma da murfin adudun ya yi ƙara, zauren ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma mun ji shirun nan har cikin ƙashinmu. Yaya yana zaune a layin ƙarshe kusa da Baba. Rabonsa da shiga taro tun kafin ya daina zama a falo. Da malamarmu ta tambayi wanda ya shirya, muka nuna shi, ya miƙe aka tafa masa. A hanyar gida muna jiran yabo, sai ya ce sautin ruwan ya yi yawa, kuma ɗayarmu tana haɗiye ƙarshen kalma.

Idon Yaya bai warke ba, kuma likita bai ce zai warke ba. Akwai ranakun da har yanzu yake rufe ƙofa ba ya son jin kowa, mun kuma koyi barinsa. Amma ya fara zuwa koyon rubutun makafi da tafiya da sanda, abin da a da ko ambatonsa ba ya so a yi. Yana maganar neman gurbin karatun aikin jarida, wai rediyo yake so. Mu kuma abin da ya canza a wurinmu ƙarami ne. In muna tare da shi wani abu ya faru, mukan tambaya tukuna: “Yaya, a gaya maka?” Wani lokaci ya ce e. Sau da yawa yakan ce, “Na ji ai,” kuma in ya faɗi abin da ya ji sai mu tarar ya fi namu cika.

’Yan uwa ɗalibai, in akwai mai irin lalurar Yaya a gidanku ko a ajinku, kada ku yi irin tamu. Ku tambaye shi abin da yake so kafin ku fara taimako. Sannan ku gwada wani abu ko sau ɗaya: ku sami wasan kwaikwayo na rediyo, na Hausa ko na Turanci, ku kife waya, ku ba shi minti ashirin. Da farko za ku ji hannunku yana ƙaiƙayin juyo da ita. In kun daure, za ku fara jin taku, da ƙofa, da agogon da ke baya. Mu dai ko a aji mun ga amfaninsa, don yanzu in malami yana bayani ba sai ya maimaita mana ba.

Asabar ɗin da ta wuce akwai wuta har gari ya waye. Bayan isha’i muka ɗauki bargonmu muka nufi ɗakin Yaya, muka tarar ya riga ya zaɓi wanda za a ji. Muna zama ya ce, “’Yan biyu, wa ya bar ƙwan nan a kunne? Ina jin zafinsa a ka.” Ɗayarmu ta tashi ta kashe.